Raƙuman Dutse da Shaidar Gidan Aghali

Da hantsi Jibrilla yana zaune a ɗakin malamai na kwalejin da yake koyarwa a garin Tawa, yana duba takardun ɗalibansa, sai wayarsa ta yi ƙara. Yayarsa ce Hajaratu, daga ƙauyensu na bayan Afala. Ba ta saba kira a irin wannan lokaci ba, don haka ya fita waje ya tsaya a gindin bishiyar bedi.

Suka gaisa, ta tambayi iyalinsa da aiki. Sannan ta ce, "Jibrilla, Baba Aghali bai zo ba har yanzu."

"Ai wata shekara yakan makara, Yaya."

"Ba irin wagga makara ba. Dabbobin wasu sun sauka gonakin maƙwabta tun tuni. Baba kullum da la'asar sai ya ɗauki tabarma ya tahi bakin gona, ya zamna yana kallon arewa."

Aghali makiyayi ne, Buzu, daga dajin da ke arewa da Takanamat. Tun kafin a haifi Jibrilla, duk shekara idan an gama girbi, yakan sauko da raƙumansa da awakinsa ya kafa bukka a gonar Malam Almustafa, mahaifin su Jibrilla. Dabbobi su ci kara su bar taki. Gidan Almustafa su ba da dammunan hatsi, gidan Aghali su ba da nono da cuku. Haka iyayen tsofaffin biyu suka yi kafin su. Gonar jigawa ce, idan ba ta samu taki ba, ba ta ba da abin kirki. Amma kowa a ƙauyen ya san ba taki kaɗai Malam Almustafa yake jira ba.

Hajaratu ta ci gaba. "Jiya Moussa direba ya komo daga kasuwar Takanamat. Ya ce ya ga Souleyman, ɗan Baba Aghali, sun kusa dambe da wasu samari wurin mai shayi. Wai suna ce mai ɗan masu toshe rijiya." Sannan ta ce, "Jibrilla, wagga magana ba cikin labarinka take ba?"

Jibrilla ya katse maganar. Ya ce zai kira ta daga baya.

Malamin kimiyya ne, amma da labari aka fi saninsa. Kowane mako yakan rufe ƙofar ɗakinsa ya karanta kashi ɗaya a cikin waya, ya tura wa abokai. Daga nan masu cajin waya a kasuwanni su kwafe wa mutane, labarin ya bi motocin kasuwa har inda shi kansa bai taɓa zuwa ba. Labari ne na wata ƙasa da ya ƙirƙira, ya sa mata suna Garzam. A Garzam rijiyoyi suna da rai, kuma suna tafiya. Yau rijiya tana nan, gobe ta matsa bayan tudu, mutane su kwashe kayansu su bi ta a kan raƙuman dutse masu ƙafa shida.

Jibrilla mutum ne mai tsari. Ya daɗe da gane cewa mai sauraro zai yarda rijiya tana tafiya, idan dai sauran abubuwan sun zauna daidai. Saboda haka kafin ya rubuta komai yakan zauna ya yi wa kansa tambayoyi, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake yi wa ɗalibai a aji. Idan rijiya ba ta zama wuri ɗaya, wa zai gina ɗakin ƙasa? Babu. To, gidajen Garzam na tabarma ne da sanduna. Me ɗa zai gada wurin ubansa? Ba gona ba, sai guga da igiya. Ina za a binne mamaci? A inda rijiya ta kwana, don a samu ziyartarsa idan ta sake bi ta nan. Har gaisuwa ya yi musu. Mutumin Garzam ba ya cewa ina kwana, sai dai ya ce, ina rijiyarku ta kwana? Da ya ji ƴan kabu-kabu a tashar Tawa suna yi wa juna wannan gaisuwa suna dariya, ya san ƙasarsa ta tsaya da ƙafafunta.

A cikin damina labarin ya kai inda ake bukatar miyagu. Ya kawo wasu mahaya da suka zo suka toshe rijiyar wani gari da duwatsu, suka bar mutane da ƙishirwa. Ya san makiyayi idan ya ji labarin dabba, abin da zai fara tambaya shi ne ta wane ce. Dabbar da ba ta da shaida, wato alamar da ake yi mata da ƙarfe mai zafi, ba za ta shiga kunnen mutumin daji ba. Sai ya ba raƙuman miyagun shaida.

Da aka tashi daga aji ya koma gida, ya nemo wancan kashin ya saurara. Ya ji muryarsa tana cewa, a hankali, da jin daɗin abin da take faɗa, "A wuyan kowane raƙumi, ta hagu, akwai shaida mai kama da ƙafar zabuwa, da ɗigo biyu a ƙarƙashinta."

Ya tsayar da wayar. Lokacin da ya rubuta, ya ɗauka daga kansa shaidar ta fito, don ta zo masa da sauƙi. Yanzu ya ga inda ya samo ta. Ita ce a wuyan farin raƙumin da Baba Aghali ya fara ɗora shi a kai yana ƙarami, ya riƙe gashin wuyan da hannu biyu, idonsa a kan ƙafar zabuwar nan don kada ya dubi ƙasa.

Ranar Asabar ya shiga motar Afala, daga can ya ƙarasa ƙauye a bayan babur. Ya tarar da mahaifinsa a bakin gona. Karan hatsin yana tsaye, ya bushe, awakin gari sun fara ɓarnatar da gefen gabas. Malam Almustafa ya rame fiye da yadda ya bar shi. Jibrilla ya durƙusa ya gaishe shi, ya zauna a ƙarshen tabarma.

"Wani Bafillace ya zo shekaranjiya," in ji tsohon. "Yana so ya sauka nan da shanunai. Mutumin kirki ne, da gani. Na ce mai gonar tana da baƙo."

"Baba, in kara ya ƙare fa?"

"Shi nike tunani." Ya gyara zama. "Ko ciwo ne ya kama Aghali. Ko hanya ce, ka san arewa ba kamar da ba. Amma da ciwo ne, da an aiko."

Malam Almustafa ba ya sauraron labaran ɗansa. Ya san dai yana yi, kuma mutane suna yabawa. Jibrilla ya yi masa bayani daga farko, bai ɓoye komai ba. Tsohon ya saurara har ƙarshe, yana murza wani busasshen ganye a yatsunsa.

"Ita wagga ƙasa, ina take?"

"Babu ita, Baba. Ni na ƙirƙire ta."

"Da mutanen?"

"Su ma babu su."

"Amma shaidar akwai ta."

Jibrilla ya sunkuyar da kai. Ya fi son a yi masa faɗa, amma mahaifinsa bai ƙara kalma a kai ba. Ya juya yana kallon arewa, can ya ce awakin nan za su gama da gefen gabas idan ba a kore su ba. Jibrilla ya tashi ya kore su.

Ranar kasuwar Takanamat ya bi motar Moussa direba. An cika ta da buhuna da mutane, tana tafe tana nishi a cikin rairayi. Wani fasinja a bayansa ya kunna labarin Garzam a wayarsa, bai san mai muryar yana gabansa ba. Jibrilla ya ja hularsa ya yi kamar mai barci.

Ya sami Souleyman a karar awaki, yana ciniki. Sa'anni ne, tare suka yi ƙuruciya a duk rani, suna harbin kurciya a bayan gona. Souleyman ya dube shi daga sama har ƙasa, ya kira shi Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta a can.

"A'a, sarkin Garzam da kansa! Mushe, ina rijiyarku ta kwana? Tamu dai mun toshe ta."

"Souleyman, don Allah."

"Mi ya kawo ka? Ko wata shaidar ka zo nema? Ga ta gidan su Ahmed can, ta fi tamu kyau."

"Wurin Baba na zo."

Souleyman ya gama cinikinsa a tsanake, bai yi gaggawa ba. Da ya gama ya tayar da babur ya ce, "Hau. In ka faɗi ba ni tsayawa."

Zangon yana kusa da wata rijiya mai zurfi, inda wasu mata suke jan ruwa da jakuna. Raƙuma suna durƙushe a inuwar ƙaya. Jibrilla bai so ya duba ba, amma idonsa ya kai. Ƙafar zabuwa da ɗigo biyu, a wuyan kowanne, ta hagu.

Aghali yana zaune a ƙofar bukka, gabansa ɗan murhun gawayi da butar shayi. Dogon tsoho ne, siriri. Da ya ga Jibrilla sai ya ja rawaninsa ya rufe har bisa hanci, abin da bai taɓa yi masa ba. Suka yi gaisuwa mai tsawo. Ya tambayi Almustafa, ya tambayi Hajaratu da ɗiyanta, ya tambayi yadda damina ta yi a Afala. Ya zuba shayi ya miƙa masa. Sai da suka sha na fari sannan Jibrilla ya samu bakin magana.

"Baba, na yi kuskure babba. Wallahi ban san shaidarku ce na sa ba. Na ɗauka ni na ƙago ta."

"Na san ba ka yi da nufi ba."

"Zan gyara. Zan sake karanta wancan kashi, in canza shaidar, in tura wa kowa sabon."

Aghali ya ɗaga buta ya zuba shayin daga sama, ya mayar, ya sake zubawa.

"Ɗana, ka san wa ke sake shaida a wuyan raƙumi?"

"A'a, Baba."

"Ɓarawo. Shi ke ɗora ƙarfe bisa tsohuwar shaida, don mai dabba ya kasa gane abinai. In ka sake ta, duk wanda ya ji na farko zai ce, ashe gaskiya ce, an gano su, shi ya sa aka ɓoye. Kada ka taɓa ta."

Jibrilla ya ajiye kofin shayin. Shi ke nan dabarar da ya zo da ita tun daga Tawa.

"Ni ina sauraronka tun farkon labarin," in ji Aghali. "Souleyman ke kunna mani. Har nakan ce ma mutane, wanga yaro bisa raƙumina ya fara hawa. Randa mahayan nan suka zo, muna zamne da baƙi, ana shan shayi kamar haka. Ka faɗi shaidar, kowa ya juya ya dubi dabbobina." Ya nuna rijiyar da haɓarsa. "Waccan, kakana ya haƙa ta. Ta rufta da ƙanensa kafin a kai ga ruwa. Ba mu taɓa hana kowa guga ba."

"Ku gafarce ni, Baba."

"Allah shi yafe mana duka."

"To mi zan yi?"

"Ban ce ka yi komi ba. Ƙasarka ce."

Suka sha na biyu, suka sha na uku. Rana ta fara karkata, Souleyman ya ce Moussa ba zai jira ba. Jibrilla ya miƙe, sannan ya sake durƙusawa.

"In ce wa Baba kuna tafe?"

"Ka ce mai muna gaisuwa."

A hanyar komawa, Souleyman yana tuƙi, suka hango rumfunan kasuwa. Ya rage gudu ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ba toshe rijiyar ya fi mani ciwo ba. Mahayin nan na labarinka da ya yi dariya, lokacin da wata mata ta miƙo mai gora babu ruwa. Dariyar suke kwaikwayo in na wuce. Ka iya dariyar mugu, Mushe. Ban san ka iya ba."

Washegari da safe, a gida, Hajaratu tana ɓarar wake a tsakar gida, Jibrilla ya jawo turmi ya kife ya zauna kusa da ita. Ita ce mai sauraronsa ta farko tun suna yara, kuma ba ta taɓa yi masa sassauci ba. Idonsa ya yi ja saboda tunani.

"Yaya, in na ce mafarki ne fa? Wata yarinyar garin ta farka, ashe ba a toshe komi ba."

"Sai su jefar da wayoyinsu. Wata nawa muna kuka da mutanen garin nan, ka ce mafarki?"

"To, in ce sato raƙuman aka yi. Masu shaidar mutanen kirki ne, ɓarayi suka hau dabbobinsu."

Hajaratu ta daina ɓara. "Kai da bakinka ka ce raƙumin dutse ba shi ɗaukar kowa sai wanda ya yi mai shaida da hannunai. In baƙo ya hau, sai ya durƙusa ya koma dutse. Ka manta? Mu ba mu manta ba."

Ya tuna. Shi ya kafa wannan doka, kuma ya yi alfahari da ita a lokacin.

"In ka karya ta," ta ce, "kowa zai san tilasta ka aka yi. Sai su ce Aghali ya aiko an wanke shi. Gara ma yadda ake yanzu."

"To duk ƙofar da na taɓa a rufe take."

"Kai ka gina gidan."

Ya tashi ya fita bayan gari. Yana tafe yana hango mahaifinsa can a bakin gona, ko da yake la'asar ba ta yi ba. Tsoro ya kama shi sosai. Idan Aghali bai zo bana ba, baɗi zai fi wuya, shekara ta uku kuwa wata gona za ta zama tasu. Tsofaffin biyu babu wanda ya san saura nawa gare su.

Da ya rasa dabara, sai ya koma ga abin da ya iya. Ya zauna a gindin wani gao ya fara tambayoyi, ɗaya bayan ɗaya. Rijiyoyin Garzam suna da rai. Mai rai yana tsufa? Yana tsufa. Yana mutuwa? Yana mutuwa, ai ya taɓa kashe wata tsohuwar rijiya a labarin. To idan suna mutuwa, kuma ba su ƙare ba, daga ina sababbi suke fitowa? Nan ya tsaya. Bai taɓa yi wa kansa wannan tambaya ba, kuma babu wata amsa sai guda. Rijiyoyi suna haihuwa.

Daga nan sauran suka biyo. Idan rijiya tana da ciki, ruwanta ba nata ba ne ita kaɗai. Idan aka ci gaba da ja, za ta mutu da abin da ke cikinta. Mutanen gari ba su iya gane mai ciki, don su guga suka sani. Dole akwai waɗanda suka iya, masu bin rijiyoyi daga nesa, su rufe bakin mai ciki da duwatsu su yi gadinta har ta sauka. Ga mutanen gari masu kisa ne, kuma ƙishirwar da suka jawo ta gaske ce. Babu doka ɗaya da ya karya.

Ya dawo da sauri ya faɗa wa Hajaratu. Ta saurara, hannunta a cikin ƙwarya.

"Rijiya da ciki," ta ce. "Kai, Allah sarki. To wanga ya zamna." Sai ta ɗago. "Mai dariyar fa?"

"Shi ne ban san yadda zan yi da shi ba. Ko in ce kuka yake, aka ɗauka dariya ce?"

"Mun ji shi da kunnenmu, Jibrilla."

"In na bar shi, a wuyan raƙuminsa ma shaidar tana nan."

"Ka bar shi. Wane gida ne babu irinai? In ka ce dukansu waliyyai ne, ni ma ba ni yarda."

Ya san gaskiya ta faɗa, ya kuma san abin da Souleyman ya gaya masa a kan babur. Ya koma Tawa ya rubuta kashin cikin kwanakin makon, tsakanin aji da aji. Ya sa shugabar mahayan ta zama tsohuwa mai sa kunne a bakin rijiya ta ji motsin ciki. Ya sa suka raba ruwan salkarsu da yaran garin, bai ishe su ba, wani tsoho ya rasu. Mai dariyar ya bar shi yadda yake, ɗan ƙanen tsohuwar, mutum mai busasshiyar zuciya, wanda aka tsawata masa amma ba a kore shi ba. Sau da yawa ya ɗauki alƙalami zai soke shi, ya fasa. Sannan ya karanta ya tura.

Sai jira. Kullum da la'asar yakan kira Hajaratu, ta ce babu labari. Gefen gabas na gonar ya ƙare, an fara cin tsakiya. Bafillacen ya sauka a wata gona. A aji Jibrilla ya rubuta abu a allo ya manta abin da ya rubuta, har ɗalibai suka tambaye shi ko ba shi da lafiya.

Moussa direba ne ya kawo labarin farko bayan kasuwa. Ya ce wurin mai shayi gardama ta kaure har shayi ya huce. Wasu suna cewa mahayan sun yi daidai, in ba su ba da rijiya ta ƙare a duniya. Wasu suna cewa da sun yi wa mutanen gari bayani tun farko, da tsohon bai mutu ba. Wani ya ce ai malamin tsoro ya ji, aka ce masa ya kawo dokar da aka karya, ya kasa. Moussa ya ce ya ga Souleyman a wurin, yana shan shayinsa, babu wanda ya tanka masa.

"Baba Aghali fa?"

"Wanga ban sani ba, Mushe. Ni mota nike ja."

Ranar Juma'a da yamma Jibrilla ya sake zuwa gida. Da safiyar Asabar yana alwala, ya ji kukan raƙumi daga bayan gari. Ya bar butar a ƙasa ya fita. Mahaifinsa ya riga shi, yana tafe da sandarsa da saurin da Jibrilla ya daɗe bai gani ba.

Dabbobi sun cika gonar, awaki sun faɗa wa sauran kara. Mata suna sauke tabarmi da sanduna daga kan jakuna. Souleyman ya taho ya durƙusa gaban Malam Almustafa. Tsohon ya amsa gaisuwar, amma idonsa yana bin raƙuman ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe.

"Ina babanka?"

"Ya tsaya can, Baba. Ya ce gwiwarsa na ciwo, ba ta iya doguwar tahiya. Ya ce a gaishe ka ƙwarai, kuma a yi haƙuri da makara."

Jibrilla ya ga Aghali da idonsa a zango, ya miƙe ya zauna babu nishi. Ya dubi Souleyman, Souleyman ya kau da kai. Da suka keɓe wurin sauke kaya, Jibrilla ya tambaye shi a hankali ko ya kunna wa Baba Aghali sabon kashin.

"Na kunna. Ya saurara har ƙarshe, ya ce a sake. Tsohuwar ta yi mai daɗi. Da aka zo wurin ɗan ƙanenta, sai ya ce, har yanzu yana nan? Na ce yana nan. Sai ya ce in shirya dabbobi in tahi."

"Ya yi fushi?"

"Ban sani ba, Mushe. Ka san tsoho."

Malam Almustafa ya daɗe tsaye a tsakiyar gona, yana jingine da sanda. Jibrilla ya matsa kusa da shi, yana jiran abin da zai ce. Tsohon ya kira Hajaratu, wadda ta kawo wa baƙi fura.

"A fiddo hatsi daga rumbu, mai kyau, a sussuke buhu guda. Ki nemo mani man shafawar nan da kike sa ma ƙafata. A gaya ma Moussa ya aje mana wuri gaba ranar kasuwa."

"Baba, ina za ka?" in ji Hajaratu. "Kai da ko Afala ka daina zuwa? Hanyar nan rairayi ce, ga sanyi."

"An ce mani gwiwar Aghali na ciwo. Mai ciwo gaishe shi ake yi." Ya juya ga ɗansa. "Za su ba ka hutu a lakwal, wurin aikinka?"

"Zan roƙa, Baba."

"Ka roƙa. Ni ba ni iya ɗaukar buhu."

Ranar kasuwa suka fito bakin hanya tun rana ba ta yi zafi ba. Hajaratu ta naɗe wa tsohon bargo a kafaɗa tana ta faɗa a kan sanyi. Jibrilla ya zauna a kan buhun, man shafawa a aljihunsa, yana ta shirya abin da zai ce idan aka sake rufe masa fuska da rawani, bai samu ba. Can suka ji nishin motar Moussa daga bayan tudu. Malam Almustafa ya dafa kafaɗar ɗansa ya miƙe.